Zan kai Baba da Hajiya kangon fadar Dunnottar a Disamba, ko in haƙura?

'YarGwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Aberdeen da kewaye. Shawara nake nema. In Allah Ya yarda Baba da Hajiyarmu za su zo bikin kammala karatuna a watan Disamba, kuma ba daɗewa za su yi ba. Ba na so a ƙare zuwan a zagayen kantuna. Duk wanda na tambaya sai ya ce in kai su Dunnottar, tsohuwar fadar nan da ke kan dutse a bakin teku kusa da garin Stonehaven a nan Sikotlan. Ni ban taɓa zuwa ba, karatu bai bar ni ba. Damuwata biyu ce. Baba yana fama da ciwon gwiwa. Sannan da na tura masa hoton wurin, cewa ya yi, "Wannan ai kango ne, me za a gani a gidan da ko rufi babu?" Don Allah waɗanda suka je ku gaya mini gaskiya, wurin ya kai a wahalar da dattawa a kansa?

Injiniya_Tanko:
Wa alaikumus salam. Allah Ya sanya albarka a karatun, ƙanwata. Zan fara da maganar gwiwa don ita ce babba. Fadar tana kan wani dunƙulallen dutse ne da ya kutsa cikin teku, tsayinsa daga ruwa ya kai mita 50. Ba a miƙe ake shiga ba. Sai kin sauka ta matakala har kusan bakin ruwa, sannan ki sake hawa zuwa wata siririyar ƙofa. Matakalan sun haura 200, kuma ta nan za ki dawo. A ciki ma daɓen duwatsu ne marasa daidai, in an yi ruwa santsi suke. Ni dai ba zan saukar da mai ciwon gwiwa can ba.

Maman_Hanif:
Injiniya ya faɗi gaskiya, amma bai faɗi rabin da zai kwantar miki da hankali ba. Ba dole sai an shiga ba. Daga inda ake ajiye motoci akwai hanya shimfiɗaɗɗiya, tafiyar 'yan mintuna, har zuwa bakin gaɓa inda fadar take bayyana gaba ɗayanta da teku a bayanta. Hoton da kowa ke yawo da shi daga nan ake ɗaukarsa, kuma ba a biyan ko sisi. Surukata a nan ta tsaya, mu muka sauka da yara. Har yau in an yi zancen zuwanta ƙasar nan, wurin take fara ambata.

Bakatsine82:
Disamba fa kika ce. A wannan watan rana tana faɗuwa a Aberdeen wajen ƙarfe uku da rabi na yamma. Azahar, La'asar da Magariba duk a jere suke zuwa, sai ki lissafa inda za su yi salla da alwala cikin wannan sanyi. Iskar Tekun Arewa kuma ba wasa ba ce ga wanda ya fito daga Kano. In iska ta yi ƙarfi ma rufe fadar suke yi, don haka ki duba shafinsu da safen ranar kafin ku fita. Ra'ayina a bar shi sai in sun dawo da bazara.

Malam_Sani_Tarihi:
'Yar uwa, su Injiniya sun amsa miki ta ɓangaren ƙafa. Ni tambayar Baba nake so in amsa, don tambaya ce mai kyau. Me za a gani a gidan da ba rufi? Ki ba shi wannan labarin.

A 1649 majalisar Ingila ta yanke wa Sarki Charles na ɗaya hukuncin kisa, kuma mutanen Oliver Cromwell, jagoran sojojin majalisar, suka narkar da kayan sarautar Ingila, suka sayar da duwatsun da ke jiki. Mutanen Sikotlan ba su bi wannan ba. Ranar 1 ga Janairun 1651 suka naɗa ɗansa, Charles na biyu, a Scone, da nasu kayan sarautar: kambi, sandar mulki da takobi. Sandar kyauta ce daga Paparoma a 1494, takobin kuma wani Paparoman ya aiko da shi a 1507. Bayan naɗin ba halin mayar da kayan Edinburgh, babban birninsu, don sojojin Cromwell sun riga sun kama can. Sai aka kai su Dunnottar, domin fadar ta gidan Keith ce, masu riƙe da sarautar Marischal, kuma tsare waɗannan kaya yana cikin aikin sarautarsu.

Sojojin Ingila suka biyo sawu suka yi wa dutsen ƙawanya wata da watanni. Mai tsaron fadar, George Ogilvie, mutanensa ba su kai 100 ba. Da aka kawo manyan igwa a watan Mayun 1652 ya miƙa wuya. Aka buɗe ƙofa, aka bincike ko'ina, babu kambi, babu takobi, babu sanda. Ashe matar limamin cocin wani ƙauye da ake kira Kinneff, sunanta Christian Fletcher, ta riga ta fitar da su. Ita da mijinta suka tone daɓen cocin suka binne su, suna zuwa da dare lokaci zuwa lokaci suna fito da su don kada danshi ya ci su, har sarauta ta dawo a 1660. Kamar a ce an ɓoye tambarin sarki da takobinsa a ƙarƙashin daɓen masallacin ƙauye shekara takwas, kuma bakin kowa ya yi shiru. An tsare Ogilvie da matarsa an matsa musu su faɗi inda kayan suke, ba su faɗa ba. Yau kayan suna fadar Edinburgh, su ne kayan sarauta mafi tsufa da suka rage a Birtaniya.

Dattijon da ya san darajar kayan fada, in ya tsaya ya kalli wannan siririyar ƙofa ya tuna ta nan aka yi wannan aiki, ba zai ce bai ga komai ba.

Zulai_Torry:
Malam, ni kuma abin da na karanta a can shi ne da igiya aka zuraro kayan ta bayan dutsen zuwa bakin ruwa, wata mai aiki ta sa su a kwando ta rufe da ciyawar teku. Ba ta ƙofa aka bi ba.

Malam_Sani_Tarihi:
Ruwaya biyu ce, Malama Zulai, duka ana ba da su. Ɗaya ta ce a cikin kayanta ta riƙa fitar da su kaɗan-kaɗan tana wucewa ta gaban sojoji, ɗaya ta ce ta igiya da kwando. Inda ba a saɓa ba shi ne Kinneff aka kai su, kuma an yi wa matar alkawarin tukwici mai tsoka daga baya ba a biya ta ba.

AbuMaryam:
Ba a nan ne kuma William Wallace, gwarzon Sikotlan, ya ƙona sojojin Ingila 4,000 a cikin coci ba? A 1297. Ni wannan ne ya kai ni wurin.

Malam_Sani_Tarihi:
A nan ake cewa an yi, amma a yi hankali da adadin. Labarin ya zo ne ta bakin wani mawaƙi da ya yi waƙarsa kusan shekara 180 bayan faruwar abin, kuma aikin mawaƙi kambama gwarzonsa ne. Faɗin saman dutsen gaba ɗaya bai kai hekta ɗaya da rabi ba. Wace coci ce a can za ta ɗauki mutum 4,000? Gine-ginen da ake gani yanzu ma yawancinsu bayan Wallace aka yi su. Doguwar hasumiyar nan Sir William Keith ne ya gina ta a ƙarshen ƙarni na 14, har malaman coci suka kore shi daga cikin jama'arsu don ya yi gini a kan ƙasar da suke ɗauka mai tsarki, sai da Paparoma ya sa baki a 1395. Ɗakunan da ke zagaye da tsakar gida kuma na ƙarni na 16 da na 17 ne.

AbuMaryam:
Ko mutum 40 ne, an dai cinna wa mutane wuta a inda suka gudu neman mafaka, kuma har gobe gwarzo ake kiransa. Kowace al'umma da yadda take tuna nata.

Hauwa_Nas:
Kowa na ta maganar kambi da takobi, ni kuma ɗaki ɗaya ne ya tsaya mini a rai, kuma shi zan so 'YarGwale ta sani kafin ta je. Akwai wani kurkuku a ƙarƙashin ginin da ke fuskantar teku. A 1685 aka tura mutum 167 cikinsa, maza 122, mata 45. Ba ɓarayi ba ne, ba masu kisa ba. Kiristoci ne da suka ƙi yin rantsuwar da sabon sarki ya nema, don a ganinsu sarki ba shi da iko a kan al'amarin ibadarsu. Daga ƙarshen Mayu har ƙarshen Yuli suna ciki. Na tsaya a wurin na yi ta ƙoƙarin in auna yadda mutum 167 za su zauna, ban ga yadda za a yi kowa ya kwanta ba. A nan suke ci, a nan suke bayan gida, maza da mata a haɗe. Taga ɗaya ce take kallon teku, ƙasanta kuma gangaren dutse ne tsaye. Mutum 25 suka gwada guduwa, biyu suka faɗo suka mutu, aka sake kama 15. Wasu suka mutu a ciki. Wasu 37 suka gaji suka yi rantsuwar aka sake su. Sauran aka loda su a jirgin ruwa zuwa New Jersey a Amurka, da yawa ba su kai ba.

Aikina jinya ne, na san abin da cunkoso da rashin iska suke yi wa jiki. Da na fito ban iya cin abincin da muka zo da shi ba. Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne wasu matasa da suka shigo suna ta dariya suna ɗaukar hoto a bakin tagar.

Bakatsine82:
Anti Hauwa, kada ki ga laifinsu da yawa. Abin ya fi shekara 300. In aka ce kada a yi dariya a duk inda aka taɓa zaluntar wani, ina ne za a yi ta a duniyar nan?

Hauwa_Nas:
Ban ce a yi kuka ba, ɗan uwa. A tsakar gida ka yi hotonka, ka yi dariyarka. Amma akwai allo a wurin da ke bayanin abin da ya faru. In ka karanta, minti biyu na shiru ba zai rage ka da komai ba.

DanZongon_Kumasi:
Hajiya Hauwa, maganarki ta kai ni gida. Mu a Gana muna da irin wannan a Elmina. Turawan Fotugal suka gina ta a 1482, Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. A bakin teku take ita ma. Sama gidan gwamna ne mai iska da tagogi, ƙasa kurkukun bayi, da ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi. Cikin waɗanda aka bi da su ta gaɓar nan akwai mutanen arewa da aka kamo daga nesa. Sarkin Asante, Prempeh, ma a can Turawa suka fara tsare shi a 1896 kafin su fitar da shi daga ƙasar. Bambancin shi ne Elmina ba kango ba ce, tana da rufinta, ana shafa mata farin fenti. Akwai masu cewa fentin ya yi yawa, ya sa wurin ya yi kyan da bai kamata ya yi ba. Da na je Dunnottar sai na ga rashin rufin ma yana taimakon mai kallo, ba abin da ke ɓoye maka komai.

Ustaz_Nura:
Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da yawa a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance. Wanda ya je irin wannan wuri da niyyar lura, tafiyarsa ba ta banza ba ce. Amma jikin mahaifi amana ne a hannunki, 'yar uwa. Kada son ki nuna masa abu ya sa a koma gida da shi yana ɗingishi.

Bakano_Na_Dala:
Ni tambayata daban ce. Wa ya rushe ta? Igwar Cromwell ce?

Injiniya_Tanko:
A'a, kuma nan ne abin takaicin yake. Fadar ta tsira daga yaƙin. Mai gidan na ƙarshe, George Keith, ya shiga tawayen 1715 na masu son mayar da zuriyar Stuart, wato gidan su Sarki Charles, kan gado. Tawayen ya faɗi, gwamnati ta ƙwace dukiyarsa, aka sayar da fadar ga wani kamfani na Landan. Kamfanin ba zama ya zo yi ba. Ya cire rufi, ya kwashe katako da dalma da duk abin da zai yi kuɗi, ya bar bango ga ruwa da iska. Haka ta zauna kusan shekara 200, sai bayan yaƙin duniya na ɗaya iyalan Cowdray suka saye ta suka fara gyara. Har yanzu a hannun zuriyarsu take, ba ta gwamnati ba ce.

Bakano_Na_Dala:
To ka ji. Abin da ya ci ta shi ne yake cin ganuwar Kano, ba maƙiyi ba, masu neman abin sayarwa. Tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwar tun ƙarni na 12, kenan ta girmi hasumiyar da Malam Sani ya ambata da sama da shekara 200. Ina yaro muna hawa badala mu hango gari. Yanzu wani wurin an haƙe ƙasar an yi bulo, wani wurin an yanka filoti an yi shaguna, wani wurin bola ce. Su nasu kangon sun kewaye shi suna karɓar kuɗin shiga, mu namu muna auna shi da tef.

Zulai_Torry:
Amma ai an gyara wasu ƙofofin Kano, sun yi kyau.

Bakano_Na_Dala:
Rushewa aka yi aka sake ginawa da siminti don titi ya samu faɗi. Suna ne ya rage, ginin ba shi ba ne. A Dunnottar ɗaki ɗaya ko biyu kawai aka mayar wa rufi don a nuna yadda yake a da, sauran an ƙarfafa bangon ne kada ya faɗi, aka bar shi yadda aka same shi.

DanDamagaram:
Malam Bakano, ina tare da kai a kan masu yanka filoti, amma kwatancen bai zauna daidai ba. Mahaifina magini ne. Ginin dutse ka iya barinsa shekara 200 ba rufi ka dawo ka tarar da shi. Ginin ƙasa in damina uku ta wuce ba yaɓe, ya fara komawa inda ya fito. A da ai gayya ake yi duk shekara, kowace unguwa da ɓangarenta na ganuwa. Don haka "a bar shi yadda yake" hukuncin kisa ne ga ginin ƙasa. Namu sai an taɓa shi kullum yake rayuwa. Abin tambaya shi ne da me za a taɓa shi, da ƙasa da makuba a hannun magina, ko da siminti a hannun ɗan kwangila.

Malam_Sani_Tarihi:
Wannan magana ce ta wanda ya san aiki. Sai dai muna da na dutsen ma. Surame, birnin Kanta na Kabi, ganuwarsa da dutse aka yi ta tun ƙarni na 16, tana nan cikin daji a jihar Sakkwato. Mu nawa ne a zauren nan muka taɓa zuwa? Da yawanmu mun hau jirgi mun zo mun ga Dunnottar, ba mu ga Surame ba.

Maman_Hanif:
Jama'a kun tafi Kabi kun bar baiwar Allah da tambayarta. 'YarGwale, ga yadda za ki yi. Jirgin ƙasa daga Aberdeen zuwa Stonehaven kamar minti 20 ne, amma tashar tana da nisa da bakin ruwa, kada ki ce za ku taka. Akwai hanyar ƙafa daga tashar jiragen ruwan garin da ke bi ta saman gaɓa, ta wuce ginin tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, tana da kyau ƙwarai amma ta masu ƙafa ce. Ku ɗauki tasi har wurin ajiye motoci. Ku fita da hantsi. Ki sa musu safar hannu da hula mai rufe kunne, Hajiya kuma ta ɗaure mayafi sosai saboda iska. In kun dawo gari za ku ci kifi da dankali, ki tambaya ko sun sa giya a ƙullin da suke tsoma kifin, da kuma irin man da suke suya da shi.

'YarGwale:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Baba abin da Malam Sani da Anti Hauwa suka rubuta ta waya. Ya yi shiru, sannan ya sa na maimaita masa adadin mutanen da aka kulle. Yanzu cewa yake shi kurkukun nan yake son gani da idonsa, ko da zai riƙa hutawa a kowace matakala goma. Hajiya kuma ta ce ba da ita ba, kuma ba za ta bar shi ya sauka ba. Ga shi an bar ni a tsakiya.

Hauwa_Nas:
Ki gaya masa sauka ta fi hawa cin gwiwa, kuma saukar ce farko. In likitansa ya amince, ya zo da sanda da takalmi mai riƙe ƙasa, ku zaɓi ranar da ba ruwa, wani namiji mai ƙarfi ya riƙa tafiya a gabansa. Na ga tsofaffin da suka girme shi sun shiga sun fito lafiya.

Injiniya_Tanko:
Na ga su ni ma, amma tsofaffin nan a kan irin waɗannan duwatsu suka tashi, kuma ba a Disamba na gan su ba. Ina nan kan bakana, ya tsaya a sama. Ina da mota, in ranar ta faɗo Asabar zan kai ku. Daga nan sai mu wuce Kinneff, 'yan mil kaɗan ne kudu. Tsohuwar cocin tana nan, ba hawa ba sauka, zai ga inda aka binne kayan sarautar.

AbuMaryam:
Kinneff ba za ta maye masa kurkukun ba, Injiniya. Mutum ya ce abu kaza yake son gani. Dattijo ne, ya san jikinsa fiye da mu.

Bakatsine82:
Duk wannan in an buɗe ƙofar kenan. 'YarGwale, wace rana ce bikin naku, kuma kwana nawa za su yi bayansa? Ki faɗa mana, in ya matso sai mu duba hasashen iska tare.